Ciyawar Takalmi

Zuwa ga jikata Rávdná,

Salamar Ubangiji ta tabbata gare ki. Ina fatan kina lafiya, ke da mijin nan naki mai kunnen tukunya. Ni ƙalau nake, in ban da gwiwa.

Ranki ya daɗe, 'yar kwamiti! Na ji an raba muku kujeru, huɗu namu na ƙabilar Sami, huɗu na mutanen gwamnati daga birnin Oslo, wai yanzu fadamar uwata tamu ce da su. Ban san sun taɓa jiƙa ƙafa a cikinta ba.

Jiya na ɗauki wuƙata na tafi yankan ciyawar takalmi, yadda nake yi duk Agusta tun ina shekara tara. Na tarar an kafa allo, an shimfiɗa hanyar katako. Wani mai gadi ya tare ni cikin ladabi, ya ce an hana sauka saboda wani jan fure da ya kusa ƙarewa a duniya. Na ce ni da furen nan mun yi shekara sittin muna maƙwabtaka, bai taɓa kai ƙarata ba. Sai ya nuna mini takarda. Na gane sa hannunki, har yau rubutunki kamar tsuntsu ya taka tawada.

Wannan ciyawar nake bugawa, in taje, in kitse, in shanya, in cusa a takalman kawunki Heaika. Da ita yake bin garken barewa cikin ƙanƙara, yatsunsa goma cif. Ki gaya wa kwamiti su saƙa masa safa.

Kakarki,
Gáren

Rávdná,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jaririn? An ce ya ɗauko kunnuwan, Allah ya ba shi haƙuri.

Wasiƙarki ta iso. Wato shekara biyar ba a yanka ba, itatuwa sun rufe fadamar, furen ya rasa rana ya mutu. Masananku sun auna, sun gano yankanmu ne yake buɗe masa wuri. Da kin tambaye ni, da kafin kofi ya huce kin ji wannan.

Yanzu kuna so in zo bikinku in koya wa matasa yanka, in sa shuɗiyar rigata ta biki saboda masu hoto. Har lasisi kun buga mini. Na ajiye shi a kan taga, kuliya tana kwana a kai.

Heaika ya kai ni wurin ranar Talata. Inda ciyawar take kai mini ƙugu, yanzu sai sanda da ganye. Saura ɗan lungu ɗaya bayan rafi, kuma ba ya cikin taswirarku.

Ba zan zo bikinku ba. Ke ki zo, ke kaɗai, kafin ƙarshen wata. Zan zauna a kan dutse in yi miki nuni da baki. Ke za ki yanka, don tun bara yatsuna suka daina rufuwa a kan wuƙa.

Ki taho da takalmin da ba kya tausayi.

Kakarki,
Gáren