Babur ɗin Baba Ya Fi Shi Tsawo

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan kalau muke. Inna tana nan da faɗanta, wanda ka san shi ne shaidar lafiyarta. Auta kuma ta fara koyon ɗinki, har ta lalata mini zane guda.

Saƙonka ya iso, wato shokozoba biyun nan masu sifirin da ake ɗaurawa a bayan babur su shanye gargada. Allah ya saka da alheri. Ka tuna likita ya ce ko a magance jijjigar da tsohon babur ɗin nan yake yi wa bayan Baba, ko ya haƙura da hawa. In kuwa aka raba shi da babur, an zaunar da shi ke nan, ba lambu, ba ziyarar abokai.

Bakanikensa ya zo har tsakar gida, ya ɗora babur a jak, ya sha fama da notuna masu tsatsa. Tsofaffin da ya kwance, wallahi abin tausayi, mai ya tsiyaye, sifirin ya lanƙwashe, robobin sai marmashewa suke yi a hannu. Da ya ɗaura sababbin, ya sauke babur daga jak, ya ce Baba ya hau a ƙarasa ɗaure notunan da nauyinsa a kai. To fa, nan ake yinta! Baba ya haye, ƙafa ta nemi ƙasa ta rasa, sai 'yan yatsu ke taɓawa. Babur ya karkace, ba don bakanike ya tare ba da Baba ya sha ƙasa a gabanmu. Ashe shekara da shekaru babur ɗin yana lotsawa a hankali, Baba ma yana ranƙwafawa, ba wanda ya lura. Yanzu babur ya koma tsayinsa na ƙuruciya, shi kuwa Baba bai koma ba.

Auta ta fara dariya, na galla mata harara. Baba ya sauka, ya miƙo mini makulli, ya ce in gaya wa Kawu ya nemo mai saye. Yaya, raina ya ɓaci matuƙa, na shige ɗaki na yi kukana. Inna ce ta ce ita ba ta ga abin kuka ba, wai in riga ta yi wa mutum yawa rage ta ake yi, ba a yar da ita. Ta sa bakanike ya sassauta sifirin iya sassautawa, ta sa ya ciro sirdin, ta ɗauka da kanta ta kai wa mai ɗinkin kujeru. Ya farke fatar, ya rage soson kamar faɗin yatsu biyu, ya mayar ya ɗinke tsaf. Ta kuma aika wa Kawu cewa kada ya kuskura ya kawo mata kowa gida.

Inna da Auta suna gaishe ka, Kawu ma haka. Ka gaida mini matarka, ka shafa mini kan 'yan biyu. Saura mu ji ta bakin likita, amma ina da kyakkyawan zato.

Yau da safe Baba ya ce zai gwada, don kawai Inna ta bar shi ya sarara. Ya hau, tafin ƙafarsa duka biyu suka zauna daram a ƙasa. Ya ɗan jijjiga babur ɗin, sannan ya miƙo mini hannu ko kallona bai yi ba, na sa masa makulli. Inna ta tambaye shi ina zuwa, ya ce shi ma bai sani ba tukuna, kada dai a jira shi da abincin rana.

Taka ƙanwa,
Sarkin Surutu