Sabar ɗin likita a cikin leda

Ƙanena Laminu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Hadiza da yara. Yaya aiki, yaya baƙunta? Mu nan Dutsi lafiya lau, damina ta kankama.

Bayan haka, ina sanar da kai, tarihi kuma ya shaida, cewa ranar Talata wayata ta yi ƙara. Ina duƙe a gona a Ɗan Kassari, sai ga saƙon gargaɗin da ka haɗa wa sabar ɗin gidan likitarmu, wato kwamfutar da ke ajiye bayanai, wai zafinta yana hawa. Na kira Malam Idi mai gadi. Ya ce, "Yallaɓai, hadari na gani, rufi kuma yana yoyo, shi ne na naɗe ta da leda kamar buhun gero." Na ce ya kware ta tun ba ta dahu ba. Da ta kwana haka, da bayanan marasa lafiyarmu sun salwanta.

Allah ya saka maka da alheri. Ka gai da mutanen gida, ku sa mu a addu'a.

Da ka haɗa abin nan na ce wasan 'yan birni ne. Ni ne ban sani ba.

Yayanka,
Mamman