Allah Ya Sa Ta Yage

Zuwa ga ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar babanku da ke tashi in an yi sanyi.

Dalilin wasiƙar nan Auta ce, don kaina ya ɗaure. Ka san kamfanin da ya ɗauke ta gwaji, inda suke haɗa gam na manna roba da ƙarfe, irin robar da ke riƙe injin mota. An ce mata in haɗin da take yi bai ci jarrabawa ba, ba za a tabbatar da ita ba. Kullum tana dawowa da warin gam a mayafi, ta rame, abinci sai na yi faɗa. Na tambaye ta yadda ake jarrabawar, ta ce inji ne ke jan robar har sai ta rabu da ƙarfen. To ni ban gane ba, a wuni ana manna abu don a ɓalle shi? Na dai duƙufa da addu'a kada Allah ya sa komai ya yage a hannun yarinyar nan.

Ran nan ta shigo tana hawaye, wai robar ta fita sumul, ƙarfen fes kamar an wanke. Na ce alhamdu lillahi, sai ta ƙara fashewa da kuka. Shekaranjiya kuma ta shigo da dariya, ta ɗora mini wani ƙarfe a tafin hannu, roba duk ta yage ta bar tsoka a jikinsa. Wai haka ake so, gam ɗin ya fi robar ƙarfi ke nan. Da na gaya mata addu'ar da nake yi, ta riƙe baki ta ce ashe ni ce nake ja mata baya.

Babbar jarrabawar sati mai zuwa ce, a gaban manyansu. Yanzu in na idar da salla sai in ce Allah ya sa ta yage, babanku yana kallona kamar na taɓu. Tsoro nake kada bakina ya koma wa tsohuwar addu'ar, an ce sabo turken wawa. Kai da ka yi boko, ka rubuto mini gaskiyar wadda zan riƙe, kada in kori 'yata daga aiki da bakina.

Ka gaida matarka da takwarata, da Kawunku in kun haɗu. Auta na gaishe ka.

Mahaifiyarka.