Katakon Gitar Aƙilu da ke Kulle a Ɗakin Inji

Mahfuzu Abdurazak,
Kafinta, mamba mai lamba 31,
Bayan tashar albasa, Malanville.

Litinin, 3 ga Yuni, 2024.

Zuwa ga Mai Girma Darakta,
Malam Abdulwasi'u Mati,
Gidan Sana'a na Wafakai, Malanville.

Game da: Kulle ɗakin injin sassaƙa tun 14 ga Mayu, da shirin cire katakona daga kan injin.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, da yi maka barka da dawowa daga Parakou, ina neman izini in gabatar da kukana a rubuce, tunda sau bakwai na zo biro, wato ofishinka, da ƙafata ban samu wanda ke da ikon yanke magana ba. Kwana ashirin ke nan cif ɗakin injin sassaƙa mai aiki da ordinater, wato kwamfuta, yana kulle, kuma a kan teburin injin akwai katakona ɗaure da ƙusoshin murɗawa guda shida, an sassaƙa rabi an bar rabi. Gangar jikin gitar ta wuta ce nake yi wa wana Aƙilu.

Dole in yi bayanin ko wane ne shi, don kada a ɗauka abin wasa nake yi wa wannan naci. Shekara goma sha ɗaya Aƙilu yana kaɗa gitar a bukukuwa tare da ƙungiyar Issufu. Shekara biyu da suka wuce igiyar ɗaurin buhunan albasa ta tsinke a kan mota, ta tahi da yatsu biyu na hannunsa na hagu, hannun da ake danna tsirkiya da shi. Tun ranar bai sake hawa dandali ba. Mun juya tsirkiyoyin tsohuwar gitarsa don ya danna da dama, sai maɓallan sauti suka riƙa gogar tabon, ƙahon jikinta kuma ya tare mishi hannu. Ya jingine ta bayan ƙofa, ya daina ko kallonta. Gitar ta bahago babu ita a kasuwarmu, na aika Kandi da Parakou ba a samu ba. Sai na nuna mishi a ordinater cewa ana iya juya zane dama ta koma hagu, inji ya fitar da shi daidai. Washegari shi da kansa ya ɓamɓare saman teburin shagon marigayi mahaifinmu, katakon maɗaci da ya fi shekara arba'in yana bushewa, ya ɗoro a bayan moto, wato babur, ya kawo mini. Guda ɗaya ne, babu na biyu.

Ga ƙorafe-ƙorafena kamar haka:

1. Ranar Talata 14 ga Mayu na rubuta sunana a littafin ɗakin inji da ƙarfe biyu da rabi, kamar yadda doka ta ce. Na san dokar gidan nan ta kashe injuna idan an kira salla, kuma ban taɓa saɓa ta ba. Ordinater ta nuna mini aikin minti hamsin ne, amma maɗacin ya yi tauri, haƙorin injin ya soma kuka, sai na rage gudu don kada ya karye. Kiran la'asar ya same ni injin yana tsakiyar haƙa ramin da wuyan gitar ke zama. Na danna maɓallin dakatarwa, na ɗaga haƙorin, na kashe motar da ke juya shi, na fita alwala. Babu abin da ke motsi a ɗakin sai 'yar fankar da ke cikin akwatin injin. Gardinmu Baba Ɗan'inna ya ji hurucinta, ya ɗauka na bar inji yana aiki, ya je ya sauke babban makunnin wuta na ɗakin. Wanga ƙaramin inji ba irin na kamfani ba ne. Idan wuta ta ɗauke ya manta inda yake tsaye, ya manta wurin da aka ce mishi nan ne mafari. Babu wanda ya taɓa yi wa Baba wannan bayani, kuma babu takarda a bango da ta faɗa.

2. Ba zan ɓoye laifina ba. Da na dawo na ga allon ordinater baƙi ƙirin, raina ya ɓaci, na faɗa wa dattijon da a haife ya haife ni cewa bai san komai ba sai kullewa da buɗewa, a gaban mutanen da suka fito masallaci. Wallahi har yau idan na tuna kunya nake ji. Washegari Laraba na tahi gidansa da goro tare da kawuna, na durƙusa, ya ce ya yafe duniya da lahira, har ya tambayi jikin Aƙilu. Amma kafin nan an riga an rubuta takardar dakatar da ni, an sa kwaɗo a ƙofa, an jefa makulli a aljihun teburinka. Hukuncin da aka yi mini na karɓa. Abin da na kasa ganewa shi ne dalilin kulle katakon tare da ni, da kuma hana sauran mambobi huɗu da ke amfani da injin.

3. Na zo biro ranakun 16, 17, 21, 23, 27, 29 da 31 ga Mayu. Sakatariya Madam Rauda ta ce ba ta buɗe aljihun tebur sai da sa hannunka. Mataimakinka ya ce maganar ta kwamiti ce. Ma'ajin kwamiti ya ce ba za su zauna ba sai bayan babbar salla. Baba Ɗan'inna da kansa ya raka ni sau biyu ya ce a buɗe mini, aka ce mishi gardi ba ya cikin masu magana. Kowa ya ba ni kujera, kowa ya ce ina da gaskiya, kowa ya ce in yi haƙuri. Ban samu wanda zan yi faɗa da shi ba ma, ranka ya daɗe, balle in ji sanyi.

4. Ranar Asabar 25 ga Mayu ruwan farko ya sauka, an kuma ranar Alhamis 30. Tun bara muka sanar cewa kwanon ɗakin yana yoyo, kuma yoyon daidai saman injin yake. Na taka bulo na leƙa ta taga. Ruwa ya kwanta a cikin ramin wuyan da ramin mikoro, wato ƙarfen da ke ɗauko sautin tsirkiya. Duk kafinta ya san katakon da aka buɗe wa fuska ɗaya ya sha ruwa ta nan, banƙarewa yake. Kusurwar da ke wajen taga ta riga ta soma ɗagawa, ina hango haske tsakaninta da teburin. Ƙusoshin nan shida su kaɗai ke riƙe da shi a miƙe. Tsakanina da shi bai fi taku huɗu ba, ina tsaye a kan bulo ina kallo kamar mai kallon akuyarsa a rijiya.

5. Wannan shi ne mafi nauyi. Ranar Juma'a Madam Rauda ta shaida mini, cikin fara'a da nufin alheri, cewa baƙi za su zo duba gidan ranar Alhamis 6 ga Yuni, za a share ɗakin, kuma ta roƙa an yarda a kwance katakona a miƙo mini in tahi da abina. Allah ya saka mata. Amma ina roƙo da girman Allah kada a yi mini wannan alheri. Kafin in soma aiki na huda ɗan ƙaramin rami a kusurwar katakon, nan ne mafarin. Muddin katakon bai motsa ba, zan sauke haƙorin cikin ramin in sake nuna wa injin inda yake, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Idan aka kwance ƙusa ko ɗaya, katakon zai saki jiki ya karkace, kuma babu hannun da zai mai da shi kan layinsa. Ramin wuya ba ya yafe kuskuren rabin milimita. Idan ya kauce, tsirkiyoyi za su zame gefe, gitar ba za ta taɓa faɗin gaskiya ba. Na yi wannan bayani sau uku a biro, ana kallona kamar mutumin da aka ce ga kayanka ya ce ba ya so.

6. Issufu ya riƙe wa Aƙilu gurbinsa shekara biyu, yana haƙuri da 'yan aro. Ya gaya mana a fili cewa bikin da za su yi a Guéné ranar Asabar 22 ga Yuni shi ne iyaka. In Aƙilu ya hau, wurinsa ne, in bai hau ba zai ɗauki wani na dindindin, kuma ban ga laifinsa ba. Bayan sassaƙa ina bukatar kwana goma na goga, shafa mai, haɗa wuya da wayoyi, shi ma yana bukatar kwanaki hannunsa ya saba da ita. Idan aka jira zaman kwamiti, magana ta ƙare.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Mai Girma Darakta ya sa hannu a buɗe mini ɗakin na awa uku kacal kafin ranar Alhamis, da safe tsakanin ƙarfe takwas da sha ɗaya, lokacin da babu kiran salla da zai same ni. A sa Baba Ɗan'inna ya zauna kusa da ni, ya amince. Bayan haka a ci gaba da dakatar da ni har iya lokacin da kwamiti ya ga dama, ba zan ɗaga murya ba. Idan wannan bai yiwu ba, a hana kowa taɓa ƙusoshin. Idan shi ma ya yi yawa, a taimaka a sa wani ya shiga ya tsane ruwan da tsumma, ya rufa leda a kai. Na bar leda da tsumman a wurin gardi tun ranar 26.

Ranka ya daɗe, ban gaya wa Aƙilu komai ba. Ce mishi na yi mai ne bai bushe ba, kuma ya yarda, don ban taɓa yi mishi ƙarya ba sai wannan. Tun ranar da ya kawo katakon yake zama a zaure da guntun icce da ya ɗaura wa wayoyin birki shida, yana koya wa hannun damansa abin da hagu ya sani. Jiya ya miƙo mini yatsunsa ya ce in taɓa, kanta ta fito a kan duka huɗun. Yana dariya, irin wadda matarsa Zeinabou ta ce rabonta da ji tun kafin haɗarin. Na taɓa, na ce madalla, na tashi na fita.

Ina jiran abin da ka yanke. Gobe da ƙarfe takwas za a same ni a bakin ƙofar ɗakin, da jibi ma.

Allah ya ƙara girma, ya sa ka gama lafiya.

Naka mai biyayya,

Mahfuzu Abdurazak
Kafinta, mamba mai lamba 31