Kunnuwan Jikanmu

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya iyali? Ni lafiya lau, sai dai gwiwa da ba ta shiri da matakalar benen nan na gidan ɗana Auta, ga rashin abokin hira idan kowa ya tafi aiki. Amma duk na manta da wannan, domin matar Autana ta sauka lafiya, mun samu namiji. Alhamdu lillahi!

Na san har yau kana fushi da auren, ka ce jininmu zai gauraya da na bare. Na kasa riƙe maganar, na gaya mata, kuma ba ta ji haushi ba. Aikinta binciken tsofaffin ƙasusuwa ne, sai ta kawo mini takarda mai manyan haruffa, na bi da yatsa yadda aka koya mana a makarantar yamma. Ashe an yi wasu mutane, Niyandatal, da ake tono ƙasusuwansu a kogo. Sun ƙare tuntuni, amma sun haihu da kakannin mutanen yau, har ɗan gadonsu ya rage a jikin yawancinmu. Ta ce, "Baba, gaurayar nan ta girme ni, ta girmi Auta."

Na ƙare wa yaron kallo. Ban san abin da ya ɗauko daga mutanen kogo ba, amma faffaɗan kunnuwan nan naka ne, Yaya, babu musu. Don Allah ka kira mu ka sa masa albarka. Zan kara masa wayar a kunne, akwai wuri.

Ƙaninka mai yawan godiya ga Allah.