Doyar Gwaggo Ta Riga Ni

Laraba, bayan isha'i, Paraku

Ya kamata a ce yau a Kwatano na kwana, amma ga ni a gidan Yaya.

Tun asuba Gwaggo Rabi ta taso daga Jugu da buhun doya, wai ba zan je gaida surukaina hannu rabbana ba. A filin jirgi ma'aikacin ya ɗora buhun kan sikeli, ya girgiza kai, ya ce jirgin ƙarami ne.

Gwaggo ta kira shi malam da Faransanci, ta ce, "Haba Mushe, ba sai ku ɗaure shi a sama ba? Ai na zo da igiya."

Wallahi sai ga igiya ta fito daga jaka! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da mutumin ya ƙi, ta yi tsaki, ta kai buhun tasha ta sa a motar Kwatano.

Can hadari ya haɗo, aka ɗaga tafiyarmu sai gobe.

Ɗazu surukata ta kira. Doya ta iso lafiya, har sun ci sakwara, ni kaɗai ake jira. Gwaggo tana gefe tana naɗe igiyarta, ko kallona ba ta yi ba.