Kunkurun Gindin Ɓaure

Goura, 9 ga Janairu

Lisandro,

Bayan gaisuwa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Ni dai ba lafiya ba. Na dawo daga wurin 'yata na tarar an tone gindin ɓauren gidanmu, Alƙali ba ya nan. Maƙwabciya ta ce ta ganka da buhu ranar Lahadi. Kunkurun da Mama ta raɗa wa suna Alƙali saboda ba ya gaggawa, wanda ya girme ka a gidan nan, shi ka saka a buhu kamar dankali? Ka dawo min da shi. Tun da Mama ta rasu, da shi kaɗai nake hira a tsakar gida.

Yayarka,
Argiro

Patra, 16 ga Janairu

Yaya Argiro mai daraja,

Gaisuwa mai yawa. Ki yi haƙuri, Alƙali ya mutu. Na same shi a ƙarƙashin ganye, jiki sanyi ƙalau, na ƙwanƙwasa bai motsa ba. Na ɗauke shi don kada ki gani ki yi kuka.

Amma ba zai tafi a banza ba. Kin san a kan dutsenmu na Kilini aka ce Hamis, ɗaya daga cikin allolin Girkawan dā, yana jaririn kwana ɗaya, ya tsinci kunkuru a bakin kogo. Ya rarake ƙoƙon bayansa, ya ɗame shi da fatar bijimi, ya ja tsirkiya bakwai na hanjin tumaki, ya yi lira, abin kiɗa mai kama da gurmi, ta farko a duniya. Da ita ya lallashi yayansa Afolo bayan ya sace masa shanu. Shekaru nake koya wa ɗalibai wannan da lirar katako, abin kunya! Yanzu zan haɗa ta gaske, da kunkurun dutsen kansa. Yana ɗakin ajiya, tsirkiya kawai nake jira in fara.

Ƙanenki mai biyayya,
Lisandro

Goura, 20 ga Janairu

Lisandro,

Ba gaisuwa yau. Kai, wane irin sakarai ne kai? Barci yake yi! Duk lokacin sanyi haka yake shiga ƙasa ya yi shiru, sai ciyawa ta tsiro ya fito neman latas. Kowane yaro a garin nan ya san wannan. Kai ma da ka sani, da ka taɓa ɗaga kai daga littafi ka dubi tsakar gidan uwarka.

Kuma kar ka ƙara kawo min zancen Hamis. Ɓarawon shanu ne, kuma wallahi ka gaje shi. Shi ko ba komai jariri ne, kai kuwa furfura ta cika maka kai.

Kar ka taɓa shi. Ka rufe shi da busasshen ganye a wuri mai sanyi, ka bar shi. Ranar Asabar zan hau mota in zo in ɗauki abina da kaina.

Argiro

Patra, 24 ga Janairu

Yaya,

Ina gaishe ki. Kar ki hau motar. Wasiƙarki ta iso yau Alhamis, tsirkiya ta iso tun Litinin.

Da na sa wa Alƙali wuƙa ya janye ƙafarsa. Na gani, Yaya. Na ce wa kaina hannuna ne ya girgiza, na ci gaba.

Lisandro